KOWACE IYAKA DA TAKARDARTA

Laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Gyadi-Gyadi da Tarauni

Na gode muku da kuka rufe rumfuna da wuri kuka taho.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta yadda aka yanka ƙasar nan kashi-kashi, da kuma inda mutum zai duba in yana so ya tabbata. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mai tumatir da iyakar ƙasa? To, ruwansa da yawa. Iyaka ita ke faɗin wanda ya halatta ya zo rumfarka da rasit. Ita ke faɗin akwatin da za ka jefa ƙuri'arka. Ita ke faɗin ofishin da ɗanka zai nemi takardar shaida ran da ya tashi shiga makaranta ko aikin soja, ita ce kuma ke nuna muku wanda za ku kai wa kuka in kwata ta toshe. Mutumin da bai san waɗannan ba, duk wanda ya rataya jaka ya zo masa da fuska a murtuke, to, hukuma ne a wurinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abu guda nake so ku tafi da shi gida. Babu iyakar da ta faɗo daga sama. Mutane ne suka zauna suka yanka, suka rubuta, suka sa hannu. Saboda haka kowace iyaka tana da takardarta, da ofishin da ke ajiye da ita, talaka kuwa yana da ikon ya ce a nuna masa.

TUN DAGA MAI GUNDUMA

Kafin Turawa su ci Kano cikin Fabrairu 1903, hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki. Kowannensu yana da garuruwansa, amma a warwatse suke, wannan gabas, wancan kudu, na wani hakimin a tsakani. Jakadu su ke kai da kawowa, su ke karɓo haraji. Turawa suka ga wannan tsari ba zai ba su lissafin kuɗi yadda suke so ba. Wajen 1907 da 1908 sai Razdan na Kano, Dokta Cargill, ya tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna ya yi su yanki-yanki, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa. Kanawa suka sa masa suna Mai Gunduma. Ku lura da kalmar. Gunduma ai yanka ce babba, irin wadda mahauci ke yi wa nama. Tun daga ran nan haraji da iyaka suke tafiya tare kamar tagwaye.

A zamanin nan mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin Sarki da En'e, sa'an nan ga Di'o da Razdan mai lardi suna duba su duka. Lardin Kano ya haɗa ƙasar Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Sa'ad da aka sami mulkin kai cikin 1960, larduna 12 ne a Jihar Arewa. Cikin 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, aka yi Lardin Sardauna ya zama na 13.

Wannan tsani na unguwa da gunduma da lardi har zaɓe aka yi da shi. Cikin 1951 talaka bai zaɓi wakilinsa kai tsaye ba. Unguwa ta zaɓi mutane su hau mataki na gaba, su kuma su zaɓi waɗansu, har a kai matakin lardi, inda aka bai wa En'e damar cusa nata mutane. 'Yan NEPU sun ci a matakan ƙasa a birnin Kano, amma da aka kai sama ba wanda ya fita daga cikinsu. Ashe wanda ya tsara matakan ya riga ya tsara sakamakon.

Ƙasar gaba ɗaya ma haka aka yi ta juya ta. Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa ran 1 ga Janairu 1914. Cikin 1939 aka raba Kudu biyu, Gabas da Yamma. Cikin 1963 aka fitar da Jihar Yamma ta Tsakiya, suka zama huɗu. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya rushe su da doka mai lamba 14, ya yi jihohi 12, a nan aka haifi Jihar Kano, Audu Bako ya zama Gwamnanta na farko. Murtala ya mai da su 19 ran 3 ga Fabrairu 1976. Babangida ya kai su 21 cikin 1987, lokacin da Katsina ta fita daga Kaduna, sa'an nan 30 ran 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano. Abacha ya cika su 36 ran 1 ga Oktoba 1996.

Ƙananan hukumomi kuwa gyaran 1976 ne ya kawo su a madadin En'e. An fara da 301 a ƙasa duka, Kano tana da 20. Cikin 1996 suka kai 774, Kano ta sami 44, Jigawa 27. A cikin wannan shekara ce aka yi Ƙaramar Hukumar Tarauni, da sakatariyarta a Unguwa Uku. Ke nan dattijon da aka haifa a Gyadi-Gyadi cikin 1955 ya zauna a Lardin Kano, ya zauna a Jihar Kano babba, ya zauna a Jihar Kano da aka rage, ya kuma wayi gari a Tarauni, alhali kuwa ko zaure bai sake ba.

Mai son ya bi diddigin wancan zamani, akwai inda zai duba. Wani Razdan mai suna Gowers ya wallafa littafin bayanin Lardin Kano cikin 1921. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta sa'ad da suke zagaye don yanka haraji suna nan a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, cikin fayilolin Lardin Kano. A nan gida akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Da Hausa, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari cikin 1958. Labarin Mai Gunduma kuwa yana cikin littafin da Adamu Fika ya fitar cikin 1978 a kan Basasar Kano da mulkin Turawa. Sai dai ku riƙe wannan: takardun Turawa masu mulki ne suka rubuta su don amfanin mulki. Suna da kyau wajen sanin sunan gari da shekara da kuɗin da aka karɓa, amma ba za ka ji muryar wanda ya biya a cikinsu ba. Kuma tarihi ne. Ba wanda zai hana mai karɓar kuɗin rumfa da littafin 1921.

TAKARDA TA FARKO: TSARIN MULKI

Takardar da ke aiki yau, uwar sauran duka, ita ce Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 3 ya lissafa jihohi 36 da sunayensu, ya ce ƙananan hukumomi 768 ne, ga kuma shida na Abuja, watau 774 ke nan. In ka buɗe Jadawali na Farko a bayan littafin, za ka ga kowace jiha da babban birninta da ƙananan hukumominta. Ka nemi Kano, ka bi da yatsa, za ka iske Tarauni a tsakanin Takai da Tofa.

Don ku san nauyin wannan jadawali, ga misali biyu. Mutanen Kunchi a nan Kano sun so a sake wa ƙaramar hukumarsu suna ta koma Ghari. Suna kaɗai fa, ba a taɓa ko taku ɗaya na ƙasa ba. Duk da haka sai da aka gyara Tsarin Mulki, Majalisar Tarayya da majalisun jihohi suka yarda, Shugaban Ƙasa ya sa hannu cikin Maris 2023. Na biyu, Gwamnatin Ikko, watau Legas, ta ƙara wa kanta ƙananan hukumomi 37, Gwamnatin Tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Cikin Disamba 2004 Kotun Ƙoli ta ce Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma su ma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su jadawali.

'Yan kasuwa, Jadawali na Huɗu naku ne. Shi ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, lura da kantuna da rumfuna da gidajen abinci da gidajen burodi da na wanki, ba da lasin keke da baro da amalanke, sa wa tituna suna da gidaje lamba, gyaran kwatoci da kwashe shara, kula da maƙabartu. Ku dubi yadda abin yake. Jadawalin da ya ba su ikon karɓa shi ne ya ɗora musu aikin yi. Wanda ya san hanyar rumfarka ran karɓar kuɗi, ya kamata ya san ta ran yashe kwata.

Amma akwai abin da Tsarin Mulki bai faɗa ba. Ya ba da sunan Tarauni, bai ce ga layin da ta tsaya Nasarawa ta fara ba. Wannan sai a takarda ta biyu.

TAKARDA TA BIYU: GAZET DA TASWIRA

Gazet ita ce jaridar Gwamnati, wadda ba a buga labari a cikinta sai doka da sanarwa. Tarayya tana da tata, Jihar Kano tana da tata. Dokar da ta kafa wuri, da dokar da ta yanka kuɗin da za a karɓa, da sanarwar karɓe fili don aikin jama'a, a Gazet ake buga su, da lamba da kwanan wata. Tare da ita akwai taswirar safiyo, wadda ke nuna inda layin ya bi. Ofishin Babban Safiyo na Jiha ke riƙe da na jiha, na Tarayya ke riƙe da na ƙasa. In rigima ta tashi tsakanin jiha da jiha, akwai Hukumar Kan Iyaka ta Ƙasa da aka kafa cikin 1987. Gyaran iyaka tsakanin ƙaramar hukuma da 'yar'uwarta kuwa aikin Majalisar Jiha ne, bisa sharuɗɗan sashe na 8. Ciyaman ba shi da ikon matsar da ita, balle mai rasit.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin birnin Kano gari ɗaya ne a ido, amma ƙananan hukumomi takwas suka raba shi: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Mu muna iyaka da Nasarawa da Birni da Kumbotso, ba kogi ba dutse a tsakani, sai titi da lungu. Ku ɗauki Hotoro. Akwai Hotoro ta Arewa da ta Kudu a Nasarawa, akwai kuma Hotoro ta wajen ma'ajiyar mai a Tarauni. Mai shayin da ya kafa teburinsa a bakin irin wannan iyaka yana iya ganin rasit iri biyu cikin mako guda. Ɗaya ne kawai zai zama na halal, domin tebur ɗaya ba ya zama a ƙasa biyu. Haka nan akwai kasuwannin da Gwamnatin Jiha ta yi wa hukumar kansu, kamar Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Saboda haka tambayar farko ga kowace ƙungiyar kasuwa ita ce: kasuwar nan tamu, a hannun wa take a rubuce?

Kada wani ya raina tsohuwar takarda mai sa hannu. Nijeriya tana da mutane da makarantu da sojoji a Bakasi, amma ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin, ta kafa hujja da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka yi cikin 1913. Aka gama miƙa shi ran 14 ga Agusta 2008. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi shi ma Ingila da Faransa suka ja shi, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. In takarda ta rinjayi ƙasa guda da rundunarta, ina ga mai fuloti ɗaya a Darmanawa?

Tun da na ambaci fuloti, bari in ƙarasa. Dokar Filaye ta 1978 ta sa filayen cikin gari a hannun Gwamna. Ƙaramar hukuma tana ba da izni ne a filayen karkara. Tarauni cikin gari take. Shaidar mai unguwa da ta maƙwabta abu ne mai kyau a wajen ciniki, amma takardar mallaka daga ofishin filaye na Jiha take fitowa, da taswirar safiyo a jikinta.

TAKARDA TA UKU: RAJISTAR ZAƁE

Bisa waccan taswira an shimfiɗa wata, ta zaɓe, wadda Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ke riƙe da ita. A littafinta Jihar Kano tana da mazaɓu 484, Tarauni tana da goma: Babban Giji, Darmanawa, Daurawa, Gyadi-Gyadi Arewa, Gyadi-Gyadi Kudu, Hotoro, Ƙauyen Alu, Tarauni, Unguwa Uku da Unguwar Gano. Kun ga ko Gyadi-Gyadin nan da muke zaune biyu ce a wurin hukuma, kowace da kansilanta. Tarauni tana da wakili ɗaya cikin 40 na Majalisar Jiha, da wakili ɗaya cikin 24 da Kano ke turawa Majalisar Wakilai, Sanatanmu kuwa na Kano ta Tsakiya ne.

Kowa ya ciro katin zaɓensa in ya koma gida. Akwai lambobi kashi huɗu a jere. Ta farko ta jiha ce, Kano 19. Ta biyu ta ƙaramar hukuma ce, Tarauni 38. Ta uku ta mazaɓa, ta huɗu ta akwati. Cikin 2021 hukumar ta ƙara akwatuna a ƙasa duka suka kai 176,846, aka kuma rarraba waɗansu masu zaɓe zuwa sababbin. Wanda bai duba nasa ba sai ran zaɓe, yana iya shan rana a layin da ba nasa ba har a tashi. Wanda ya ƙaura daga Fagge ya dawo Daurawa, doka ta ba shi damar neman a dawo masa da rajistarsa, amma sai lokacin da aka buɗe rajista, ba ana gobe zaɓe ba. Hukumar tana kafe sunaye a mazaɓu don kowa ya duba, jerin akwatunan kuma yana kan intanet, kowane yaro mai waya zai iya nemo muku.

TAKARDA TA HUƊU: TA SARAUTA

Ta huɗu ita ce wadda muka gada, ta mai unguwa da dagaci da hakimi da Sarki. Tsarin Mulki na 1999 bai yanka wa sarakuna aiki ba. Dokar Majalisar Jiha ce ke kafa masarauta, ita ce kuma ke rushe ta, mun kuwa gani da idonmu. Gwamna Abubakar Rimi ya yi sababbin masarautu cikin 1981, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke su cikin 1983. Cikin 2019 aka fitar da Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. Ran 23 ga Mayu 2024 wata doka ta soke su, cikin Yuli na shekarar aka mai da Rano da Gaya da Ƙaraye masu daraja ta biyu, magana kuma ta kai gaban alƙalai.

Ban kawo wannan don in goyi bayan wani ba. Na kawo shi don ku lura cewa duk wannan kai da kawowa, iyakar Tarauni ba ta motsa ba, lambar katinka ba ta sake ba, domin takardun dabam-dabam ne. Mai unguwa ubanmu ne, shi ya san wanda aka haifa a layi da wanda ya sauka jiya, saboda haka ake bi ta hannunsa da na dagaci da hakimi in ana neman takardar shaida. Amma takardar kanta ƙaramar hukuma ke bayarwa. Kowa da matsayinsa, a ba kowa girmansa, kada kuma a bar wani ya ari rigar wani.

INDA KUƊIN YAKE

Me ya sa manya ke kokawa a kan yawan jihohi da ƙananan hukumomi? Domin da su ake rabon Asusun Tarayya. Bisa ma'aunin da aka soma aiki da shi cikin 2004, bayan an cire kashi 13 cikin 100 na jihohin da ake haƙo mai, kowace naira 100 Tarayya na ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi naira 20 da kwabo 60. Wajen raba wannan kuwa ana duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da waɗansu abubuwa. Yawan jama'a daga ƙidaya yake fitowa. Ta 2006, wadda aka buga sakamakonta na ƙarshe a Gazet cikin Fabrairu 2009, ta ba Jihar Kano mutum 9,401,288, ta ba Tarauni sama da 220,000. Wadda aka shirya yi cikin 2023 ɗage ta aka yi. Ku da kuka ga yadda gonaki suka koma gidaje daga nan har Ƙauyen Alu, kun san ko lissafin 2006 ya ishe mu.

Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata ba asiri ba ne. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna buga shi, da sunan kowace ɗaya. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye, kuma shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba ba su halatta ba. Hukunci yana takarda. Ko ya sauko ƙasa ko bai sauko ba, sai masu tambaya sun tambaya.

ABIN DA BA TAKARDA BA NE

Yanzu ga gargaɗi. Ana yawo da taswirori a waya, a ce an yi sabuwar jiha, ga ma sunan babban birninta. Cikin 2025 an karanta buƙatun sababbin jihohi 31 a Majalisar Wakilai, har da Tiga da Ghari daga Kano, nan da nan aka baza cewa an yi. Buƙata ce aka karanta. Sashe na 8 ya ce sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun nema, a Majalisar Tarayya da ta Jiha da kansiloli. Sa'an nan a yi ƙuri'ar jin ra'ayi, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su yarda. Sa'an nan mafi yawan jihohi su amince, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja. Saboda tsananin wannan hanya, tun daga Yamma ta Tsakiya cikin 1963 babu jihar da farar hula suka yi. Duk 36 ɗin nan soja ne suka yanka su. To, in ɗan takara ya hau mumbari ya ce ku zaɓe shi zai kawo muku jiha, ku tambaye shi mataki na nawa ya kai cikin huɗun nan.

Shiyyoyi shida da kuke ji, Arewa maso Yamma da sauransu, su ma ba su cikin Tsarin Mulki. Shawara ce da ta fito a taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995, aka saba da ita wajen rabon muƙamai. Taswirar cikin waya kuwa tana da amfani wajen neman hanya, amma alƙali ba zai yanke iyaka da ita ba. Hanya mai sauƙi ta gane takarda ta gaskiya ita ce tambaya uku: wace hukuma ta fitar da ita, wace shekara, kuma an sake ta tun daga nan ko ba a sake ba?

ABIN DA ZA MU YI

Na farko, kowane reshe da kowace ƙungiyar kasuwa, daga kasuwar Tarauni zuwa 'yan waya na Farm Centre zuwa tashar Unguwa Uku, a yi karo-karo a sayi Tsarin Mulki guda, bugun da ya ƙunshi gyaran 2023, a ajiye wurin magatakarda. A sami mai karatu ya riƙa fassara sashe na 3 da na 7 da na 8 da jadawalan nan biyu a wurin taro.

Na biyu, in an zo karɓar kuɗi, a dubi rasit. Sunan wace hukuma ke kai? Yana da lamba? Kuɗin mene ne, na wane wata? Kada a yi faɗa, kada a yi zagi, gama mai rasit ɗan aike ne, sau da yawa talaka ne kamarku. A karɓi rasit a adana. In iri biyu suka zo a kan abu ɗaya, a kai wa magatakarda, ƙungiya ta rubuta wasiƙa zuwa sakatariya ta nemi a nuna mata dokar da ta yanka kuɗin da taswirar da ta sa rumfar cikin ƙasarsu. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, cikin 2025 kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Mu ba mu ce kada a biya abin da doka ta ce ba. Mun ce a biya sau ɗaya, ga mai shi, a kuma ga aiki.

Na uku, kowa ya san mazaɓarsa da akwatinsa da sunan kansilansa kafin wata ya ƙare. Iyayenmu mata, wannan har da ku, kada a riƙe muku kati a ce za a duba muku.

Na huɗu, kada a biya kuɗin fili sai an kai lambar fulotin ofishin filaye an ga sunan wa ke kai.

Na biyar, samari masu makaranta, ku zauna da tsofaffin Gyadi-Gyadi da Babban Giji da Unguwar Gano, ku rubuta abin da suka sani: ina gonar wane ta tsaya, wane hakimi aka bi, nawa aka biya na haraji kafin a soke shi da jangali a Kano cikin 1979. Razdan ya rubuta nasa, Gwamnati ta rubuta nata. Namu ne ba a rubuta ba, masu shi kuwa kullum raguwa suke yi.

Jama'a, matambayi ba ya ɓata. Mai Gunduma ya yanka ƙasar nan ba tare da ya tambayi kakanninmu ba, soja suka sake yanka ta ba su tambayi iyayenmu ba. In za a sake, to, a iske mu da takarda a hannu, mun san abin da ke cikinta.

Yanzu fili na masu tambaya ne. Allah ya ba mu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wasalam.